Yadda Rigimar Mutum Biyu Take Zama Dokar Kowa

"Barista, ni malama ce, ina koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Littafin da muke amfani da shi kullum cewa yake shari'a kaza ta kafa tarihi, shari'a kaza ta canza rayuwar al'umma. Wani ɗalibina ya yi min tambayar da ta ɗaure min kai: ta yaya rigimar mutum biyu a gaban alƙali za ta hau kan miliyoyin mutanen da ba su je kotun ba, wasu ma ba a haife su ba? Ba majalisa ce ke yin doka ba? Kuma da gaske hukuncin kotu yana canza halin jama'a, ko dai lauyoyi ne ke kambama sana'arsu?"

Malama, ki gaishe min da wannan ɗalibi. Akwai lauyoyin da suka yi shekara da shekaru suna sa baƙar riga ba su taɓa tsayawa sun yi wa kansu wannan tambayar ba. Abu biyu ya haɗa. Na farko na cikin kotu ne, wato ta wace hanya hukunci guda yake tsallake masu shari'ar ya isa ga wasu. Na biyu na waje ne, wato in ya tsallake ɗin, shin yana taɓa rayuwar mutane ko a cikin littafi yake ƙarewa. Amsar ta farko tana da sauƙi. Ta biyun ce ba ta yi wa sana'armu daɗi sosai, amma zan faɗa miki yadda na gan ta.

Katantanwa a cikin kwalba

A watan Agustan 1928, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani ɗan shagon shan lemo a garin Paisley na ƙasar Sikotlan tare da ƙawarta. Ƙawar ce ta biya kuɗi, aka kawo mata lemun citta a cikin kwalba mai duhu wadda ba a ganin cikinta. Ta sha wani, da aka zo tsiyaye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Ta ce ta kamu da ciwon ciki, ta kai ƙarar mai kamfanin lemon, David Stevenson, tana neman diyyar fam 500.

A dokar wancan lokaci ƙarar ba ta da ƙafar tsayawa. Ba ita ta sayi lemon ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle mai kamfanin da bai taɓa ganinta ba. A 1929 ma kotun Sikotlan ta yi watsi da irin wannan ƙara ta wasu da suka tarar da ɓera a cikin kwalba. Matar nan ba ta da ko kuɗin shari'a, sai da aka ba ta damar shigar da ƙara a matsayin matalauciya. Haka aka yi ta hawa har zuwa Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe. A watan Mayun 1932 alƙalai 3 suka goyi bayanta, 2 suka ƙi.

Wanda ya jagoranci masu rinjaye, Lord Atkin, bai tsaya kan lemo da katantanwa ba. Tambayar da ya yi ita ce, wane ne maƙwabcinka a idon doka? Ya amsa da cewa duk mutumin da aikinka zai taɓa kai tsaye, wanda ya kamata a ce ka tuna da shi lokacin da kake aikin, to maƙwabcinka ne, kuma wajibi ne ka kiyaye kada sakacinka ya cutar da shi. Mai kamfanin da ya toshe kwalba ya aika da ita kasuwa, ya san babu wanda zai iya duba cikinta kafin ta isa bakin mai sha, ba shi da bakin cewa bai san mai shan ba.

Abin da zai ba ɗalibinki dariya shi ne har yau ba a tabbatar a gaban alƙali cewa akwai katantanwa a kwalbar ba. Kotun ƙarshe ta amsa tambayar doka ce kawai: in abin da matar ta faɗa gaskiya ne, tana da haƙƙi? Kafin a koma a saurari shaidu Stevenson ya rasu, aka sasanta a wajen kotu. Umarnin kotun bai wuce kan mutum biyun nan ba. Abin da ya yi tafiya shi ne dalilin. Bayan 'yan shekaru wani likita a Ostireliya mai suna Grant ya sayi wandon ciki na ulu wanda ba a wanke sinadarin masaƙa daga jikinsa ba, fatarsa ta lalace ya yi jinya mai tsawo. Babu kwalba, babu lemo, amma aka ce dalilin guda ne, ya ci shari'arsa. A 1963 aka miƙa ƙa'idar har kan shawarar da ƙwararre ya ba wanda ya dogara da shi. Yau likitan da ya manta almakashi a cikin majinyaci da ɗan kwangilar da gininsa ya rufta, duk a ƙasashen da suka gaji tsarin dokar Ingila, daga wannan tushe ake kamo su.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ƙiyasi ne: akwai asali, akwai reshe, akwai illar da ta haɗa su. Aikin lauya mafi yawa shi ne ya nuna wa alƙali cewa illar da ke cikin tsohuwar shari'a tana nan a cikin sabuwa, abokin karawarsa kuma ya nuna cewa kama da wane ba ta wane. Abin da ya mai da wannan ƙiyasi dole shi ne matakan kotuna. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke ya hau kan kotun ɗaukaka ƙara, nata kuma ya hau kan babbar kotu, har ƙasa. Alƙalin ƙasa ko bai gamsu ba sai ya bi, in ya ƙi a soke hukuncinsa a sama. Hikimar ita ce kada mutum biyu masu matsala iri ɗaya su fito da sakamako biyu don kawai sun faɗa hannun alƙalai daban, kuma mutum ya iya sanin matsayinsa tun kafin ya sa hannu a takarda.

To majalisa fa? Ita ce mai yin doka, ɗalibinki bai yi kuskure ba. Sai dai babu majalisar da za ta zauna ta hango katantanwa. Tana rubuta kalmomi masu faɗi, rayuwa kuma ta kawo abin da ba a zata ba, alƙali kuwa ba shi da damar ya ce wa masu ƙara su tafi gida don doka ta yi shiru. In majalisa ba ta ji daɗin fassarar da ya yi wa dokarta ba, tana iya sake rubuta dokar. Inda hannunta yake gajarta shi ne in fassarar ta kundin tsarin mulki ce.

Ba duk abin da alƙali ya rubuta ne yake ɗaure na ƙasa da shi ba, kuma wannan darasin da kunya na koye shi. Ina sabon lauya na shiga kotu da wani ƙaton kundin hukunce-hukunce, na sa takarda a shafin da na ga wata magana da ta yi daidai da buƙatata kamar don ni aka rubuta. Na miƙe na karanta ta da murya sama, har ina ɗan dakatawa don ta shiga. Alƙalin ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Lauya, shafi nawa ka ce?" Na faɗa. Ya ce, "Koma baya shafi huɗu ka karanta min sunan wanda ya rubuta." Na koma. Ashe alƙalin da 'yan'uwansa suka rinjaya nake ta karantowa, wanda ra'ayinsa bai zama hukunci ba. Na ce, "Ya Mai Shari'a, na janye." Tun daga ranar ba na ɗauko jimla daga hukunci sai na karanta shi daga farko, na ware dalilin da aka gina shi a kai daga maganganun da alƙali ya yi a kan hanya.

In kotu ta haɗu da masu mulki

Shari'ar da ta ba kotunan Amurka ikon soke dokar majalisa ta taso ne daga rigimar takardar kama aiki. Shugaba John Adams, a kwanakinsa na ƙarshe a 1801, ya naɗa magoya bayansa da dama ƙananan alƙalai, cikinsu har da William Marbury. Ba a kai ga miƙa masa takardarsa ba mulki ya koma hannun Thomas Jefferson, sabon sakataren harkokin waje James Madison kuma ya riƙe ta. Marbury ya tafi Kotun Ƙoli kai tsaye. Alƙalin Alƙalai John Marshall (wanda shi ne ma tsohon sakataren da ya bar takardar ba a kai ba, abin da a yau zai sa a ce ya sauka daga shari'ar) ya san in ya ba da umarni gwamnati za ta yi kunnen uwar shegu da shi, kotun ta tozarta. Sai ya ce a 1803: Marbury yana da gaskiya, amma sashen dokar 1789 da ya ba shi damar zuwa nan kai tsaye ya saɓa wa tsarin mulki, don haka ba doka ba ne. Gwamnati ta ci shari'a, ba ta da abin da za ta bijire wa, kotu kuma ta tafi da ikon da ya fi kujerar Marbury nesa ba kusa ba. Ni a ganina wannan dabarar siyasa ce tsantsa da aka yi wa rigar shari'a, kuma ta yi aiki.

A Indiya abin ya fi zafi. Wani shugaban gidan ibadar Hindu a jihar Kerala, Kesavananda Bharati, ya ƙalubalanci dokar da ta taɓa filayen gidan. Alƙalai 13 suka zauna, a watan Afrilun 1973 aka rabu 7 da 6 kan cewa majalisa tana iya gyara kowane sashe na tsarin mulki amma ba za ta rushe ginshiƙansa ba. Gwamnatin Indira Gandhi ta mayar da martani cikin kwanaki: ta tsallake manyan alƙalai uku da ke cikin masu rinjaye, ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka goyi bayanta ta naɗa shi Alƙalin Alƙalai, ukun suka ajiye aiki. Duk da haka ƙa'idar ta rayu, aka yi aiki da ita a 1975 da 1980, Bangaladash ma ta ara a 1989.

Akwai kuma inda ba ta rayu ba. A shari'ar Lakanmi ta 1970, Kotun Ƙolin Najeriya ta ce gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum ta hanyar rubuta sunansa a cikin doka ba tare da shari'a ba, kuma tsarin mulkin 1963 yana nan a samanta. Cikin makonni kaɗan aka fitar da Dokar Soja mai lamba 28 ta 1970, ta shafe hukuncin. Ana koyar da shi har gobe a makarantun lauyoyi, amma a ranar mai bindiga ne ya yi magana ta ƙarshe. Kotu ba ta da soja, ba ta riƙe da baitulmali.

Shin halin mutane yana canzawa?

A nan gizo ke saƙar, kuma misalin da ya fi kowane bayyana shi shi ne wanda littattafai suka fi yabo. A 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba baƙar fata da farar fata a taragon jirgin ƙasa muddin an ce wuraren daidai suke. Aka gina wariya a makarantu da asibitoci da wuraren shan ruwa a kan wannan. Ranar 17 ga Mayun 1954, a shari'ar Brown da hukumar ilimi ta garin Topeka, alƙalai 9 baki ɗaya ƙarƙashin Earl Warren suka ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launi shi kansa rashin daidaito ne.

Littafinki mai yiwuwa a nan ya tsaya. Abin da ya gabata da abin da ya biyo baya su ne labarin. Hukuncin bai faɗo daga sama ba. Lauyoyin NAACP, ƙungiyar da ke fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, waɗanda Thurgood Marshall ya jagoranta daga baya, sun yi kusan shekara 20 suna sassaƙar Plessy kaɗan-kaɗan. Da gangan suka fara da makarantun koyon aikin lauya, a 1938 da 1950, don sun san alƙalai da kansu sun san ba a ƙirƙirar irin wannan makaranta dare ɗaya a ce ta yi daidai da tsohuwa. Sai da bango ya tsattsage suka tunkari makarantun yara.

Bayan hukuncin kuma, a 1955 kotun ta ba da umarnin aiwatarwa da lafazi mai laushi wanda bai sa wa'adi ba, jihohin kudu suka mai da shi lasisin tafiyar hawainiya. A 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya jibge dakarun jiha a ƙofar wata sakandare a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙe 9 shiga, sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya suka raka su aji. Wata gunduma a Virginia, Prince Edward, ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yaran. Shekara 10 bayan hukuncin, yaran baƙar fata na kudu da ke zama aji ɗaya da fararen fata ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Abin bai motsa da gaske ba sai da majalisa ta yi dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar toshe kuɗi ga duk makarantar da ta ci gaba da wariya. Da aka taɓa aljihu, cikin 'yan shekaru aka ga abin da shekara 10 na umarnin kotu bai kawo ba. Ita dokar kuma ba ta samu ba sai da mutane suka ƙaurace wa motocin haya, suka yi tattaki, aka daka su, aka ɗaure su, aka kashe wasu.

Masana tarihi suna jayayya kan rabon da za a ba kotu a wannan nasara, wasu ma suna ganin kaɗan ne. Ni dai daga inda nake zaune, abin da Brown ta yi shi ne ta sauya wanda ke kan gaskiya a idon doka. Kafin 1954 gwamnan da ya tare ƙofa doka yake karewa, bayan 1954 shi ne mai karya ta, yarinyar da ke riƙe da littafinta kuma ita ce mai haƙƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba shi ne ya buɗe ƙofar ba.

Afirka ta Kudu ta ba mu shari'o'i biyu da nake son a riƙa karanta su tare. A 2000 Kotun Tsarin Mulki ta yanke wa Irene Grootboom da maƙwabtanta, waɗanda aka rushe wa bukkoki a wajen birnin Cape Town, cewa shirin gidaje na gwamnati ya gaza tunda bai tanadi komai ba ga wanda ke cikin halin ni-'yasu. Ana karanta hukuncin a jami'o'in duniya. Ita kuwa ta rasu a 2008 tana cikin bukka. A 2002 kotun nan dai ta umarci gwamnatin Thabo Mbeki ta wadata asibitocinta da maganin nevirapine mai rage yaɗuwar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri, maimakon taƙaita shi a 'yan wuraren gwaji. Wannan ya isa ga mata masu ciki. Bambancin, a nawa karatun, biyu ne: umarnin ya faɗi takamaiman abin da za a yi, sannan ƙungiyar da ta kai ƙarar, TAC, mai fafutukar samar wa masu ƙanjamau magani, tana da mambobi a unguwanni masu zuwa asibiti su duba, kuma da wani lardi ya ja ƙafa ta sake komawa kotu.

Na ga ƙaramin irin wannan a ofishina. Wani dattijo da aka kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, muka yi shari'a muka ci, aka ce a biya shi haƙƙoƙinsa. Ya sa aka manne takardar hukuncin a cikin leda, kullum tana aljihun gaban rigarsa. Duk bayan 'yan makonni sai ya zo ya zaro ta ya shimfiɗa a kan teburina ya ce, "Barista, ga ta nan fa, har yanzu shiru." Ma'aikatar ba ta ɗaukaka ƙara ba, ba ta kuma biya ba. Sai da muka buɗe sabon babi na neman kotu ta riƙe kuɗinsu a banki, wanda ya ci lokaci kusan kamar shari'ar farko. Ranar da na fito daga kotu da hukunci na ɗauka an gama, ashe rabin aikin ke nan.

Ba a rubuce yake a kan dutse ba

Kada ɗalibai su tafi da zaton duk shari'ar da ta kafa tarihi alheri ta kafa. A 1857, a shari'ar Dred Scott, kotun Amurka ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, kuma sai da aka yi yaƙin basasa aka gyara tsarin mulki a 1868 kafin a kankare wannan. A Plessy alƙali ɗaya tak, John Harlan, ya ƙi bin sauran, ya mutu ana ganinsa wanda aka kayar, bayan shekara 58 kotun ta dawo kusa da inda ya tsaya. Don haka ra'ayin marasa rinjaye da na karanta na ji kunya ba shara ba ne, lokacinsa ne bai yi ba, in zai yi. Kotun ƙarshe tana iya warware abin da ta ƙulla. Ta Birtaniya ta ba wa kanta wannan dama a fili a 1966. Ta Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973 kan zubar da ciki a 2022, bayan shekara 49, ba don kalmomin tsarin mulkin sun canza ba sai don mazauna kujerun sun canza.

Duk wannan bayani ya fi dacewa da ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila. A Faransa da masu bin tsarinta, rubutacciyar doka ce a gaba, kuma hukunci guda ba ya ɗaure alƙalin gaba a ƙa'ida, ko da yake a aikace suna bin sawun manyan kotunansu in hukunce-hukunce suka taru a kan hanya ɗaya. Sannan ki sa a ranki cewa lauya ne ya ba ki wannan amsa, mutumin da yake kallon al'umma ta tagar kotu. Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya zai iya rage wa alƙalai rabo fiye da yadda na yi.

In kina son ɗalibin ya ji abin a jikinsa, ki ba ajin labarin matar Paisley, ki tsaya kafin hukunci, su yanke da kansu. Sannan ki canza musu labarin: wani ya ƙera manhajar waya mai lissafa wa iyaye yawan maganin da za a ba yaro, kyauta ake sauke ta, ta yi kuskuren lissafi yaro ya galabaita. Babu kwalba, babu ciniki, mai manhajar yana wata ƙasa. Ki raba su biyu, waɗannan su nuna cewa yaron maƙwabcinsa ne, waɗancan su nuna inda labarin ya rabu da na katantanwa, shi kuma mai tambayar ki ɗora shi a kujerar alƙali.